Me ya sa kifi ke ƙin matsattsakun da na ɗaura?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka ta iso, ga kuma yadda na fahimce ta. Karatu ya kai ka Kamloops, a yammacin Kanada. Wani abokin karatunka ya koya maka fatsar Turawa irin ta jifan ƙuda, ka sayi kayan ɗauri, ka zauna duk tsawon hunturu kana ɗaura matsattsakun gashi a jikin ƙugiya har akwati ya cika. Da ƙanƙara ta narke ka fita tafki sau biyar. Na kusa da kai suna ta ciro tirawut, ka tambaye su da me, suka ce da matsattsaku, kai kuwa ko taɓawa kifi bai yi ba. Kana son sanin ko launi ka kuskure, ko kuwa akwai wani samfurin da suke ɓoye maka.

Babu abin da suke ɓoye maka, kuma da wuya a ce launi ne. Na daɗe ina wannan harka a tafkunan yankin nan, na kuma leƙa akwatunan sababbin shiga da yawa. Kusan kullum abu ɗaya nake tararwa: matsattsakun ya yi kauri, mai shi yana jan sa da sauri, kuma yana wucewa ta saman kan kifin da mita biyu ko uku. Hoton da ka turo ya nuna mini kaurin. Sauran na ji su a bakinka, inda ka ce da ka jefa sai ka fara ja.

Saboda 'yan'uwa na gida da za su karanta wannan, bari in faɗi yadda abin yake. A wannan fatsar ba a sa tana ko wani koto na gaske. Gashin tsuntsu da na dabba ake ɗaurewa a jikin ƙugiya da zare, a siffanta wani abin da kifi ke ci. Duk abin da aka ɗaura haka Turawa ƙuda suke ce masa, ko da kifi ko kwaɗo ya siffanta. Tun da ba shi da nauyin da za a wurga, igiyar ce ke da nauyi, ita ke ɗaukarsa zuwa nesa, a ƙarshenta kuma akwai siririn lailon wanda ƙugiyar ke rataye a jiki. Tirawut kifin ruwan sanyi ne, shi ya sa ba a samunsa a madatsun ruwanmu. A Afirka sai kan tsaunuka, irin na Kenya, inda aka kai shi a 1905, da Lesotho da Afirka ta Kudu.

To, ƙanena, kafin ka sake zama gaban mariƙin ƙugiya, ina so ka je ka ga dabbar da kake kwaikwayo. Ka tafi bakin tafkin Roche ko Tunkwa da farin kwano. Ka juya wani ruɓaɓɓen itace ko dutse a inda ruwa bai wuce idon sawu ba, za ka same su manne a ƙarƙashi. Ɗan'uwan wanda ke kama mana ƙafa ne a kududdufi da damina, sai dai yawancin na nan ba su damu da jinin mutum ba, katantanwa da tsutsotsin ruwa da mushe suke ci. Ka saka ɗaya a kwanon ka zuba masa ido. Yana manne, gajere ne mai faɗi kamar ƙwayar kabewa. Ka taɓa shi, ya dunƙule. Amma da ya saki kwanon ya fara iyo sai ya miƙe, ya ninka tsawonsa, ya sirance ya baje kamar tsinken ganyen kaba, kan ya fi wutsiyar siranta, yana lanƙwasa sama da ƙasa, ba hagu da dama irin na maciji ba. Kuma ka lura da saurinsa. Duk wannan lanƙwasar da yake yi, tafiyar kaɗan ce. Wannan mai iyon shi kifi ke gani, shi kuma ya kamata ka ɗaura. Naka na cikin hoto ya fi kama da wanda ya sha jini ya ƙoshi.

Abin da ya ba matsattsaku daraja a wurin masu fatsar tafki shi ne ba shi da lokacin ƙyanƙyasa irin na ƙwari. Ƙwarin ruwa suna da makonninsu, su fito su wuce. Shi kuwa yana nan duk shekara, don haka kifi ya san shi. Ya fi fita da asuba da almuru da ranar da hadari ya rufe, ya kuma fi amfani a lokuta biyu: bayan narkewar ƙanƙara, lokacin da ƙwari ba su fara tashi ba, da watan Satumba zuwa Oktoba, lokacin da kifi ke tara kitse kafin tafki ya daskare. Amma zan gaya maka wani abu da na lura da shi. Akwai ɗan famfon roba da muke zuƙo abin da ke maƙogwaron kifi da shi mu ga me ya ci, sannan mu sake shi. Sau da yawa na kama kifi da matsattsaku, na duba, babu matsattsaku ko ɗaya a ciki, sai ƙananan jatan lande da tsutsar sauron tafki. Ni a ganina kifin yana ɗaukar abin ne a matsayin wani abu mai rai, mai taushi, wanda ba zai iya gudu ba. Wani lokaci ya ɗauke shi ɗan mazari, wani lokaci ɗan kifi. Ko ƙudan da ake kira Woolly Bugger, wanda matsattsakun zamani da yawa jikokinsa ne, Russell Blessing na jihar Pennsylvania ya ƙirƙiro shi a 1967 don ya kwaikwayi wata tsutsar kogi ce dabam. Saboda haka kada kamannin ya ɗauke maka hankali. Motsin shi ne jarin.

Motsin kuma daga wutsiya yake fitowa. Gashin da ake yin ta da shi ana ce masa marabu, kuma asalinsa namu ne: sunan tsuntsun nan ne babba-da-jaka, wanda a da ake cirar lallausan gashin ƙarƙashin wutsiyarsa. Yanzu na talotalo ake rinawa a sayar da wannan sunan. Ka ɗauki ƙugiya mai dogon jiki, lamba 10 ko 8. Ka tuna lamba tana hawa ƙugiya tana ƙanƙancewa. Kada ka ɗaure gashin guda sukutum yadda ya fito daga leda, wannan shi ne kuskuren da ke cikin hotonka. Ka zaɓi mai siraran zaruruwa, ka yage kaɗan daga gefen ƙashin, abin da idan ka jiƙa shi da yawu bai wuce kaurin tsinken ashana ba. Tsawon wutsiya ya yi daidai da jikin ƙugiya, ko ya ɗara da rabi. Idan ta yi tsawo kada ka sa almakashi. Ka kama bakin da farcen babban yatsa da manuni ka tsinke. Almakashi yana barin baki a daddatse kamar tsintsiya sabuwa, farce kuwa yana barin wasu zaruruwan sun fi wasu tsawo, su ne ke kaɗawa ko da ƙugiyar tana tsaye. Gashi mai yawa yana manne wa juna a ruwa ya zama dunƙule, kaɗan ne ke numfashi. In kana son ƙyalli, zare biyu a kowane gefe sun isa.

Jiki kuma, ka ajiye wannan igiyar mai kaurin gashi da ka naɗa. Ka nemi gashin akuyar Angora, ko haɗin da John Rohmer na Arizona ya yi suna da shi, Simi Seal. Ka yi madauki da zaren ɗaurinka, ka jera gashin a tsakanin zaren biyu, shara-shara yadda za ka iya hango yatsanka ta ciki, ka murza kamar mai tufka, sannan ka naɗa daga wutsiya zuwa kai, kowane zagaye kana shafa gashin baya da yatsu. Ka bi da siririyar wayar tagulla ta kishiyar hanya don haƙoran kifi, tirawut yana da su. Ka ƙulle, ka ɗiga gam. Sai ka ɗauko tsohon burushin haƙori ka taje jikin da ƙarfi har zaruruwa su fito su kwanta kan wutsiya, ya zama ba a gane inda jiki ya ƙare wutsiya ta fara. Daga nan ka riƙe shi da hantsaki ka tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu, ka shafe shi baya, ka ajiye ya bushe. Zai riƙe wannan siffar.

Kada ka ɗaura goma sha biyu a zama ɗaya. Ka ɗaura ɗaya, ka cika bahon wanka, ka ɗaure shi a lailon ka ja a hankali kana kallo daga gefe. Busasshen matsattsaku ba ya gaya maka komai. Wanda ya yi kyau a mariƙi galibi ya yi kauri a ruwa, wanda kuma ka ga kamar bai ƙoshi ba shi ne daidai. Idan haske yana ratsa gefen jikinsa, wutsiyar kuma tana ci gaba da motsi bayan ka tsayar da hannunka, to ka samu, sai ka yi masa 'yan'uwa.

Maganar nauyi. Ana zura ƙwayar ƙarfe mai huda, kamar ta carbi, a wuyan ƙugiya. Amfaninta biyu: tana nutsar da shi, kuma duk lokacin da ka tsaya da ja sai kan ya sunkuya, ka ja ya ɗago, wannan ne ke ba da lanƙwasar sama da ƙasa da ka gani a kwano. Tangistan ya ninka tagulla nauyi fiye da sau biyu a girma ɗaya, don haka ƙwayar tangistan mai milimita 3 tana nutsewa da sauri sosai. Wannan alheri ne a zurfin mita huɗu, amma a kan ciyawar da ruwanta bai wuce mita ɗaya ba masifa ce, domin dole ka ja da sauri don kada ka maƙale, saurin kuma shi muke gudu. Saboda haka kowane launi ina ɗaura shi iri uku: marar nauyi sam, mai tagulla, mai tangistan. Darma kuwa na daina amfani da ita, tana kashe tsuntsayen ruwa idan suka haɗiye ta.

Yanzu ga abin da nake kyautata zaton maƙwabtanka suna amfani da shi. Ka ce ka ga wani ɗan ƙwallo mai launi yana iyo a gabansu, su kuma suna zaune ba sa ja. Wannan ƙwallon aikinsa ɗaya da guntun silifa da muke ɗaurawa a fatsa muna yara: ya riƙe ƙugiya a zurfin da ake so, ya nutse idan kifi ya ci. Matsalar ita ce idan ka rataye matsattsaku na yau da kullum a ƙarƙashinsa, zai tsaya a tsaye, kai sama wutsiya ƙasa, kuma babu matsattsakun da ke iyo haka. Jerry McBride, wani masunci daga Spokane a jihar Washington, shi ya warware wannan, Phil Rowley da Brian Chan kuma suka yaɗa dabarar a nan Kanada. Chan masanin kifi ne da ya yi shekaru yana kula da ƙananan tafkunan Kamloops, duk abin da ka samu nasa ka karanta.

Dabarar sikeli ce. Ka nemi ƙugiya mai lanƙwasasshen wuya, wadda idonta, wato zoben da ake ɗaura lailon, ke kallon sama. Ka ɗauki fil irin na tela, ka zura masa ƙwayar tangistan har ta tsaya a kan fil ɗin, ka yanke tsinin ya rage kamar rabin jikin ƙugiya. Ka kwantar da fil ɗin a kan jikin ƙugiyar ka ɗaure, yadda ƙwayar za ta zarce idon ƙugiyar zuwa gaba da kamar milimita 5. Yanzu idon ya koma tsakiya: nauyin ƙwaya a gaba, nauyin ƙugiya da wutsiya a baya. Kafin ka sa gam, ka zura zare a idon ka ɗaga. Kana son kan ya ɗan rinjaya ƙasa kaɗan, domin wutsiya da jiki da za ka ƙara za su daidaita shi. In bayan ne ya rinjaya, ka turo fil ɗin gaba. In ya yi daidai ka ɗaure da kyau ka shafa gam, don fil ɗin da bai ɗauru ba kifin farko zai juya shi. Sauran ɗaurin kamar na farko ne, sai dai ka naɗa jikin har bayan ƙwayar, kana kiyaye kada gashi ya toshe idon. A ruwa zai kwanta a miƙe, tsinin ƙugiya yana kallon sama, don haka ba ya yawan kwasar ciyawa, kuma yakan kama kifi a leɓen sama. Duk ƙaramar igiyar ruwa da ta ɗaga ƙwallon, kan zai sunkuya wutsiya ta kaɗa. Iska ce ke yi maka aikin.

Sai ka ɗaure shi da ƙulli mai madauki, wanda ke barin ɗan zobe a idon ƙugiya. Ƙullin da ya shaƙe ido yana kashe rabin motsin. Wannan ya shafi kowane irin matsattsaku, mai sikeli da marar sikeli. Lailon kuma kada ya gaza mai ɗaukar kilo uku zuwa huɗu, kifin Kamloops yana fizga da ƙarfi.

Launi, tun da shi ka tambaya. Baƙi, ruwan hanta, ruwan zaitun, ruwan ƙasa. Baƙi mai ɗan ratsin ja, da baƙi mai ɗan ratsin shuɗi, su ne na fi ɗaurawa a lailon. Ruwa garau da rana, ka sa mai laushin launi kuma ƙarami, lamba 12 ko ma 14. Ruwa ya yi kore da gansakuka, kamar yadda Tunkwa ke yi da zafi, ko magariba ta yi, ka sa baƙi, domin kifin da ke ƙasa inuwa yake gani a kan hasken sama. Ja shi ne launin da ruwa ke fara haɗiyewa, a zurfin mita biyar ya kusa komawa baƙi. Ƙwaya mai launin ruwan goro ko kore mai haske tana taimakawa a ruwa mai duhu. Iyakar abin da zan ce ke nan a kan launi, kuma shi ne abu na ƙarshe da nake canzawa idan kifi ya ƙi.

Na farko da nake canzawa zurfi ne. Tafkunan nan suna da fili marar zurfi daga gaɓa, inda rana ke kaiwa ƙasa ciyawa ta tsiro, zuwa kamar mita shida ko bakwai. Daga nan sai ƙasa ta gangara kwatsam zuwa rami. Abinci yana filin, mafaka tana ramin, kifi kuma yana sintiri a bakin gangaren kamar mai gadi. Da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa za ka ga layin da idonka, inda ruwa ya tashi daga fari-fari ko kore ya koma shuɗi mai duhu. Nan za ka kafa jirginka, anga biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, iska tana bayanka. Jirgin da ke lilo a kan anga ɗaya yana jan igiyarka ba da saninka ba.

Tirawut a tafki ya fi cin abinci a cikin rabin mita na kusa da ƙasa. Ga yadda za ka sa matsattsakunka a nan ba da ƙiyasi ba. Ka maƙala hantsakinka a ƙugiyar, ka sauke shi gefen jirgi har ka ji ya taɓa ƙasa, ka kama lailon a daidai fuskar ruwa, ka sauko da santimita 30 zuwa 50, ka kafa ƙwallon a nan. Idan zurfin ya wuce tsawon sandarka, ka yi amfani da ƙwallon da ke sakin kansa idan kifi ya ja, in ba haka ba ba za ka iya jawo kifin kusa da raga ba. Ka jefa, ka ba shi lokaci ya sauka, ka bar iska ta tafi da shi. Minti goma sha biyar ba labari, ka ɗaga shi da santimita 30. Haka za ka yi ta hawa har ka tarar da su. Idon kifi ya fi ganin abin da ke samansa, don haka gara ka ɗan wuce sama da ka kasance ƙasa da shi. Ranar da ruwa ya kwanta lumui babu iska, sai kai ka zama iskar: ka jawo santimita biyu ko uku, ka dakata, ka sake. Kuma ba kullum ƙwallon ke nutsewa ba. Wani lokaci karkata kawai zai yi, ko ya zame gefe, ko ya ɗan taso saboda kifin ya ɗauko abin daga ƙasa. Duk abin da ya yi wanda ba igiyar ruwa ta sa shi ba, ka ɗaga sanda.

In kuma ja kake so, wanda ni ma na fi jin daɗinsa, to sai ka koyi ƙirga. Kowace igiya mai nutsewa an rubuta saurinta a kwali. Mai lamba 3 tana sauka kamar santimita 7 da rabi a daƙiƙa, wato tana buƙatar daƙiƙa 40 kafin ta kai mita uku. Mai nutsewa a hankali, wadda ta fi dacewa da filin ciyawa, tana iya cin fiye da minti ɗaya kafin ta kai wannan zurfin. Kai da kake fara ja da zarar ta faɗi, matsattsakunka bai taɓa wuce rabin mita ba. Ka jefa, ka miƙar da igiya, ka duba agogo. Jifa na farko daƙiƙa 20, na gaba 30, na gaba 40, har ka ji ciyawa, sai ka rage biyar ka tsaya a nan. Ko yana sauka ka riƙe igiyar a yatsa, kifi da yawa a lokacin suke ɗauka.

Wata rana a watan Oktoba, a farkon zuwana, na wuni a bakin wani gangare ban kama komai ba, wani dattijo kuma a ɗan jirginsa, bai fi taku talatin da ni ba, ya saki kifi na shida. Da zai tafi ya matso ya ce in jefa ya gani. Na jefa na fara ja. Bai ce komai a kan ƙudana ba, bai ma nemi ganinsa ba. Ya miƙo hannu ya nuna mini nasa jan: igiya tana kan manuninsa na dama, hagu kuma tana tattaro ta da yatsu cikin tafin hannu, kaɗan-kaɗan, kamar mai jan carbi bayan sallar asuba, bakin sandarsa a cikin ruwa. Bayan kowane ja biyar ko shida sai ya tsaya cak, ya ƙirga uku. Jifa ɗaya ya ɗauke shi kusan minti huɗu. Na kwaikwaye shi, da matsattsakun da na wuni da shi. A jifa na uku, a cikin tsayawar nan, na ji igiyar ta yi nauyi kamar ta kama ganye, sai ganyen ya fara tafiya. Tun daga ranar na yarda cewa sannu ba ta hana zuwa.

Abu biyu a cikin abin da dattijon ya yi suna da muhimmanci. Bakin sanda a ruwa yake, yana kallon igiya, domin idan ka ɗaga shi igiyar za ta yi ciki, kifi ya ɗauka ya tofar ba ka ji ba. Sannan idan ka ji ɗan taɓi, tik-tik, kada ka fizge sanda sama. Kifin yana bin wutsiyar ne yana ɗanɗanawa. Ka fizge, ka raba shi da abin. Ka ci gaba da ja yadda kake yi, ko ka ƙara ja ɗaya mai ɗan tsawo, sau da yawa zai dawo ya haɗiye gaba ɗaya. Sai ka ji nauyi sosai sannan ka ja igiyar da hannu, ka ɗaga sanda. Idan taɓin ya yi yawa ba kamu, ka tsinke wutsiyar da farce ta ragu kaɗan, ko ka koma ƙarami. A ƙarshen kowane ja kuma, kafin ka ciro don sake jifa, ka ɗaga sanda a hankali ka bar matsattsakun ya rataya a gefen jirgi na daƙiƙa biyar zuwa goma. Masu gasar fatsa a madatsun ruwan Ingila, irin su Rutland da Grafham, su suka fi kowa ƙwarewa a wannan. Kifin da ya biyo shi tun daga nesa yana shakka, a nan yake yanke shawara.

Akwai ranakun da sauri ke aiki, ban musa ba. A ƙarshen kaka, idan kifi ya shigo ruwan da bai kai ƙugu ba yana farauta, ja gajere mai kaifi yakan tsokano shi. Amma wannan sai bayan ka gwada a hankali ya ƙi.

Wani abu kuma da zai iya zama ya shafi fitarka ta farko ko ta biyu, wanda ba laifinka ba ne. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4. Bayan ƙanƙara ta narke, ruwan sama yana ɗumama har ya kai wannan ma'aunin, ya yi daidai da na ƙasa, sai iska ta gauraya tafkin gaba ɗaya, abin da muke kira juyawar tafki. Ruwa ya yi dagwalo, ruɓaɓɓiyar ciyawa ta taso tana yawo, iskar shaƙa ta ragu a ko'ina, kifi ya daina ci na wasu kwanaki. In ka ga haka ka naɗe kayanka ka nemi wani tafkin da ya fi tudu ko ya fi gangare, domin ba rana ɗaya suke juyawa ba. Kafin juyawar kuwa, kifi yana gefe a ruwan da bai wuce mita biyu ko uku ba, matsattsaku a ƙarƙashin ƙwallo a lokacin ba shi da na biyu. Ka sayi ma'aunin zafi ka rataya a jirgi. Tsakanin digiri 10 da 16 tirawut yana cikin walwala. Idan saman ruwa ya kai 20, ina roƙonka ka bar su, domin kifin da ka gajiyar a ruwa mai ɗumi, ko ka sake shi yana iyo, sau da yawa mutuwa yake yi daga baya.

Ka kuma karanta littafin dokokin lardin British Columbia, inda Kamloops take, kafin kowace fita, kowane tafki da nasa sharaɗin. A lardin nan ƙuda ɗaya tak aka yarda ka ɗaura a igiya, ba kamar Ingila ba inda ake jera uku. Akwai ruwan da aka keɓe wa jifan ƙuda zalla, inda ƙwallon ma ba a yarda da shi ba. Ƙayar ƙugiya kuwa ni ina matse ta da hantsaki tun a mariƙi, ko doka ta nema ko ba ta nema ba, saboda kifin da zan saka da kuma kunnena ranar iska. Rigar iyo kada ta bar jikinka a cikin jirgi. Ruwan watan Mayu a nan yana kashe hannu da ƙafa cikin 'yan mintuna, ko ka iya iyo irin na Argungu.

Ka tambaya a ƙarshe ko wannan ilimin zai yi amfani idan ka koma gida. Zai yi. A Afirka ta Kudu ana kama tarwaɗa, irin tamu ɗin nan, da baƙin ƙuda mai gashin marabu ko fatar zomo, a buga shi da ƙarfi a kan ruwa don ƙarar ta jawo ta. Sai dai ƙugiyar tirawut ba za ta ɗauki tarwaɗa ba, za ta miƙe, sai ka nemi mai kauri.

Matsattsakun da suka cika akwatinka kada ka zubar. Ka sa reza ka feɗe su, ƙugiyoyin da ƙwayoyin suna nan lafiya. Ka ɗaura baƙi ɗaya a lamba 10 da rabin gashin da ka saba sawa, ka jiƙa shi, ka ɗora a kan farar takarda kusa da tsinken ashana, ka turo mini hoton. Ka haɗa da sunan tafkin da za ka je ranar Asabar da irin igiyar da ke kan sandarka, in gaya maka ƙirgan da za ka fara da shi. Allah Ya ba da sa'a.